Tambaya da Amsa: Ina Ya Dace Fayilolin Kwamfutarmu Su Kwana?

Wasiƙun da suka shigo wannan fili a makonnin nan sun karkata ne ga batu ɗaya, wato yadda mutum zai adana abin da ke cikin kwamfutarsa ta gida ba tare da ya wayi gari ya tarar da wayam ba. Na zaɓi bakwai daga ciki, na taƙaita waɗanda suka yi tsawo, na kuma cire sunayen masu su kamar yadda aka saba.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamin makaranta ne, kuma shekara takwas ke nan ina tara darussa da tambayoyin jarrabawa da sakamakon ɗalibai a kwamfutata. Da ta fara ƙorafin cikewa sai na sayi faifan ajiya na waje, na kwashe komai na zuba a ciki, na share na kan kwamfutar domin ta samu sarari. Hankalina ya kwanta, amma wani abokin aikina ya ce da sauran rina a kaba. Me ya rage?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abokin aikinka ya faɗa maka gaskiya. Abin da ka yi ƙaura ce: fayilolin sun tashi daga wannan ɗaki sun koma wancan, amma har yanzu kwafi ɗaya ne tak gare ka, kuma duk ranar da faifan nan ya ƙi tashi, aikin shekara takwas ya tafi tare da shi. Zan ma iya cewa yanzu sun fi shiga haɗari, domin faifan waje shi ne ake jefawa a jaka, shi ne igiyarsa ke sarƙe ƙafar mai wucewa ya faɗo daga kan tebur yana cikin aiki.

Yana da kyau ka san abin da ke cikin wannan ƙaramin akwati. Akwai faranti masu sheƙi da ke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a kowane minti, da wani siririn hannu wanda kansa ke shawagi a saman farantin yana rubutu yana karatu, kuma tazarar da ke tsakaninsu silin gashi ya ninka ta sau dubbai. Tun daga faifan farko da kamfanin IBM ya fitar a 1956, mai faranti 50 da bai wuce ɗaukar kimanin megabait 5 ba, asalin tsarin bai sauya ba: inji ne mai motsi, kuma kowane inji yana da ranar tsayawa. Faɗuwa ɗaya ta isa kan ya gogi farantin ya kankare abin da ke wurin.

Masu wannan harka suna bin wata ƙa'ida da ake kira 3-2-1, wadda wani mai ɗaukar hoto ɗan Amurka, Peter Krogh, ya yayata. Ma'anarta ita ce a riƙe kwafi uku na duk abin da ake ji da shi, a kan ma'ajiyai iri biyu, sannan ɗaya daga cikin kwafin ya kasance a wani wuri daban da inda sauran suke. Kowace lamba tana da dalilinta. Ana neman uku ne saboda ranar da ɗaya ya lalace kada ka koma dogaro da guda ɗaya a daidai lokacin da kake tsananta masa da kwafe abin da ke cikinsa. Ana neman iri biyu saboda faifai biyu da aka saya rana ɗaya daga kamfani ɗaya suna iya zuwa da aibi ɗaya. Na nesan kuwa shi ne wanda mutane suka fi sakaci da shi, alhali gobara da ruwa da ɓarawo ba sa tantance kwamfuta da faifan da ke kusa da ita. Wanda ya sa su duka biyu a jaka ɗaya ya tuna cewa abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Abin yi a yau shi ne ka zauna ka raba kayanka gida biyu. Manhajoji da bidiyoyin da ka sauko da su daga intanet ana iya sake samun su, kwafi ɗaya ya ishe su. Darussan da ka rubuta da hannunka da sakamakon ɗalibai babu inda za ka sake samun su, kuma za ka yi mamakin ƙanƙantarsu, domin littafi mai shafi ɗari uku da babu hotuna a ciki da wuya ya wuce megabait biyu. Mayar da waɗannan kan kwamfutar, ka bar kwafinsu a faifan waje, sannan ka ɗora na uku a ma'ajiyar intanet ko a wani faifan da zai zauna a wurin aikinka.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni uwa ce mai 'ya'ya huɗu, kuma hotunansu da bidiyoyinsu tun na jarirantaka suna warwatse a wayoyi uku da tsohuwar kwamfuta. Ina son in tattara su wuri guda. Wane girman faifai zan saya, kuma wane iri ne ya fi? Na ji ana cewa SSD ya fi kowanne.

Amsa: Hajiya, kafin a je saye sai a yi lissafi, kuma lissafin ba shi da wuya. Hoton waya na yau da kullum yana cin megabait 3 zuwa 5. Idan muka ɗauki 4 a matsayin tsaka-tsaki, hotuna 20,000 za su ci gigabait 80 ne kawai. Bidiyo shi ne mai babban ciki. Minti ɗaya na bidiyon 4K yana cin tsakanin megabait 170 da 350, gwargwadon salon matsewar da wayar ke amfani da shi, wato awa ɗaya na iya laƙume gigabait 10 zuwa 21, abin da ya kai nauyin hotuna dubu biyu da ɗari biyar zuwa dubu biyar. Saboda haka ki duba kowace waya ki ga abin da hotuna da bidiyo suka ci, ki haɗa da na kwamfutar, sannan ki ninka jimillar sau biyu ko uku, domin yara ba su daina girma ba kuma wayoyin gobe za su fi na yau cin wuri. Ga yawancin gidaje, terabait 1 ko 2 ya wadatar. Ni da za ki ji shawarata, faifai biyu masu terabait 1 sun fi miki amfani a kan guda ɗaya mai terabait 4, saboda dalilin da na yi wa malamin da ya riga ki tambaya bayani.

Idan kin jona faifan terabait 1 kika ga Windows ta rubuta gigabait 931, kada ki ce an cuce ki. Masu ƙera faifai suna ƙirga da dubu-dubu, Windows kuma tana ƙirga da 1,024, wurin ɗaya ne, ma'aunin ne ya bambanta.

Batun SSD kuwa, gaskiya ne ya fi sauri nesa ba kusa ba, kuma da yake babu abin da ke motsi a cikinsa yana jure faɗuwa da girgiza. Sai dai yana riƙe bayanai ne ta hanyar tsare ɗan cajin lantarki a cikin ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, kuma wannan caji yana zurarewa sannu a hankali idan aka bar na'urar shekaru ba a jona ta ba, musamman a wuri mai zafi ko idan ta riga ta sha aiki. Ga shi kuma ya fi tsada a kan kowane terabait, sannan idan zai mutu yakan mutu ne farat ɗaya, ba tari ba atishawa. Don haka wanda za a riƙa yawo da shi a jaka ya zama SSD, wanda zai zauna a aljihun tebur ana ɗauko shi lokaci-lokaci ya zama mai faranti.

Abu biyu kuma kafin ki fara kwafa. Na farko, idan a gidan akwai kwamfuta mai Windows da kuma Mac, a tsara faifan da tsarin ajiyar fayiloli mai suna exFAT tun yana sabo, domin duka biyun suna karantawa suna kuma rubutawa a kansa, alhali tsarin NTFS na Windows, Mac karanta shi kawai take yi, ba ta rubutu a kansa, tsohon tsarin FAT32 kuma ba ya karɓar fayil ɗaya da ya wuce gigabait 4. Na biyu, ki kwaso hotunan daga wayoyin ta igiya. Hoton da aka tura ta WhatsApp a hanyar da aka saba an riga an matse shi, kuma ranar da kika so a wanke shi babba za ki ga fuskar yaron ta dushe.

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a shekarar ƙarshe, kuma kundin bincikena yana cikin folda da ke haɗe da Google Drive. Duk abin da na rubuta yana hawa intanet nan take. Ina ganin ba na bukatar wani faifai, ko kuwa?

Amsa: Ɗan'uwa, ka yi abin kirki, kuma idan yau aka sace kwamfutarka kundinka zai tsira. Amma ka fahimci aikin wannan folda: madubi ce. Abin da ka yi a kwamfuta shi take maimaitawa a intanet, mai kyau da marar kyau. Idan cikin gyangyaɗin dare ka shafe rabin babi na uku ka adana, cikin daƙiƙoƙi gurgun babin zai maye gurbin lafiyayyen a can ma. Idan ƙaninka ya share foldar, za ta ɓace a duk na'urorin da ke haɗe da asusun. Akwai ɗan lokacin gyara kuskure, domin Google Drive na riƙe abin da aka share a kwandon shara na kwana 30, kuma yana ajiye tsofaffin nau'o'in fayil na wani lokaci. Matsalar ita ce babin da ka gama tun watan jiya ba lallai ka sake buɗe shi ba sai ranar da malaminka ya nema, kuma a lokacin kwana 30 sun daɗe da wucewa.

Sai kuma batun wane ne ke riƙe da makullin. Abin da ake kira girgije manyan kwamfutoci ne a gine-ginen wani kamfani, kuma kamfanin ne ke gindaya sharuɗɗa. Google na ba da gigabait 15 kyauta, waɗanda Gmail da Drive da Photos ke rabawa a tsakaninsu, OneDrive da iCloud suna ba da 5 kowanne, Dropbox kuma 2. Sharuɗɗan suna sauyawa: Google Photos ya daina karɓar hotuna ba iyaka kyauta daga ranar 1 ga Yunin 2021, kuma daga Disambar 2023 Google ya fara aiki da dokar da ta ba shi damar share asusun da aka yi shekara biyu ba a shiga ba. Kamfanoni ma sukan yi ɓari. A 2019 MySpace ya amsa cewa ya rasa waƙoƙin da mutane suka ɗora masa tsakanin 2003 da 2015 a lokacin sauya kwamfutoci, kuma a Janairun 2012 da hukumomin Amurka suka rufe Megaupload, har waɗanda suka ajiye halaliyarsu a can sun rasa hanyar kaiwa gare ta.

Akwai tambayar da ba ka yi ba amma ta fi damuna. Shin asusun naka ne na kanka, ko makaranta ce ta buɗe maka? Idan na makaranta ne, yawanci akan rufe shi bayan ɗalibi ya kammala, don haka ka kwashe kayanka kafin ka miƙa kundin. Idan naka ne, ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ka kuma rubuta lambobin ceto da za a ba ka a takarda, domin ranar da waya ta ɓace su ne za su buɗe maka ƙofa.

Ga abin da nake ba kowane mai rubuta kundi shawara: duk ranar Juma'a ka kwafi foldar gaba ɗaya zuwa faifan waje, ka sa mata kwanan wata a sunanta, kuma kada ka goge ta makon jiya. Rubutu ba shi da nauyi, kwafi hamsin ba za su cika maka wuri ba. Masu tunanin ɗora dukkan hotunan gida a intanet kuwa su yi lissafin lokaci da na data tukuna, domin gigabait 100 a kan layin da ke ɗora megabit 10 a daƙiƙa zai ci kimanin awa 22 ba tsayawa.

Tambaya: Malam, me zai hana in zuba komai a filash in kulle a akwati? Na ga wani ƙarami mai terabait 2 da araha ƙwarai. Ko kuma in ƙona a faifan DVD kamar da?

Amsa: Malam, filash ɗan aike ne, aikinsa ɗaukar fayil daga wannan kwamfuta zuwa waccan. Irin ƙwayoyin SSD ne a cikinsa amma yawanci mafi ƙarancin inganci, ga saurin ɓata, ga saurin karyewa a baki. Wannan mai terabait 2 da arha kuwa ina shakkarsa. Akwai na jabu da ake sauya wa ƙwaƙwalwa domin ya riƙa faɗin girman da ba shi da shi. Zai karɓi duk abin da ka zuba, za ka ga sunayen fayiloli a jere, amma da zarar ainihin wurin ya cika sai sabon ya hau kan tsohon ko ya tafi a banza, kuma ba za ka sani ba sai ranar buɗewa. Akwai ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna H2testw da ke cika filash ɗin da bayanai ta sake karanta su ta faɗi girmansa na gaskiya. A gwada kowane sabo da ita kafin a ba shi amana.

DVD na ɗaukar gigabait 4.7 ne kawai, sinadarin da ake ƙona rubutun a kansa yana lalacewa da zafi da hasken rana, kuma yawancin sababbin kwamfutoci ba su da wurin sa shi. Idan kana da tsofaffi a gida, ka kwashe abin da ke cikinsu tun ana samun abin karanta su.

Tambaya: Malam, a taimaka. Faifaina na waje ya fara wata ƙara, ƙas-ƙas-ƙas, wani lokaci ya bayyana wani lokaci ya ɓace, kuma jiya kwamfuta ta ce sai na yi masa fomat. Duk takardun marigayi mahaifina da na ɗauka a hoto suna ciki. Wani ya ce in sa shi a firji.

Amsa: Allah ya jiƙan mahaifinki, Malama. Ki cire faifan yanzu, kada ki sake jona shi don gwaji, kada ki amsa wa kwamfuta da eh a kan fomat, wato share faifan a sake tsara shi, kuma ki bar maganar firji. Sanyi yana tara raɓa a cikin akwatin, raɓa kuma a kan farantin da ke juyawa sau dubbai a minti ƙarin ɓarna ce. Wannan ƙara da kike ji yawanci kan karatun ne ke fita neman wurinsa ya rasa, ya koma ya buga ya sake fita, kuma duk minti ɗaya da ya yi a haka yana iya ƙara kankare farantin.

Rasa fayil iri biyu ne, kuma maganinsu ya sha bamban. Idan faifai lafiyarsa ƙalau, kuskure ne aka yi aka share abu, to sau da yawa bayanan suna nan, sunansu ne kawai aka cire daga jerin abin da ke ciki aka ce wurin ya zama fili. Manhajoji irin su PhotoRec da Recuva suna iya tono su, da sharaɗin a daina rubuta komai a kan faifan, a sa manhajar a wani wuri, a kuma zuba abin da aka ceto a wani faifan daban. A kan SSD wannan dama ƙarama ce, domin akwai umarnin TRIM da ke sa shi ya share wurin da gaske jim kaɗan bayan an goge fayil. Naki kuwa ciwon inji ne, manhaja ba ta gyara shi, ƙara gajiyar da shi za ta yi.

Abin da ya rage shi ne ƙwararrun masu ceto bayanai, waɗanda ke buɗe faifai a wurin da aka tace iskarsa daga ƙura, su sauya kan karatun da na wani faifai irinsa, su ɗauki kwafin farantin gaba ɗaya kafin su taɓa komai. Aikin yana da tsada kuma babu mai ba da tabbaci. Ki tambayi duk wanda za ki kai wa inda zai buɗe shi. Na taɓa kai nawa wurin wani mai gyara, ina tsaye ya kwance kusoshin a kan teburinsa fanka na kaɗawa, ya ɗaga murfin, ya sa yatsa ya tura hannun karatun don ya nuna mini inda ya maƙale. Na ga sawun yatsansa a kan farantin kamar a gilashin taga, kuma daga ranar ban sake ganin abin da ke ciki ba. Garin neman gira aka rasa ido. Idan takardun na asali suna hannun wani a dangi, sake ɗaukar su a hoto zai fi sauƙi, kuma ki fara da wannan.

Ga sauran masu karatu, faifai yana da tsarin duba lafiyar kansa da ake kira SMART, kuma manhaja irin CrystalDiskInfo na nuna sakamakon. Idan ta yi gargaɗi a gaskata ta, a kwashe kaya. Idan ta ce lafiya kuwa kada a saki jiki, domin wani bincike da injiniyoyin Google suka wallafa a 2007 a kan faifai sama da 100,000 ya gano cewa fiye da kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka mutu ba su nuna wata alama a SMART ba kafin mutuwarsu.

Tambaya: Malam, a gidanmu akwai kwamfuta huɗu. An ba ni shawarar in sayi akwatin NAS mai faifai biyu da ke kwafar juna, wai idan ɗaya ya mutu ɗayan na nan. Wannan bai wadatar ba?

Amsa: Alhaji, ga gida mai kwamfuta huɗu NAS abu ne mai amfani, domin yana zaune a kan layin intanet na gida kowa na zuba kayansa ba tare da yawo da igiya ba, kuma kamfanoni irin su Synology da QNAP sun sauƙaƙa sarrafa shi. Tsarin faifai biyu masu kwafar juna, wanda ake kira RAID 1, yana maganin abu ɗaya ne: mutuwar faifai guda. Fayil ɗin da aka share bisa kuskure yana gogewa a duka biyun a lokaci ɗaya, tsawa ko hauhawar wutar lantarki na iya ƙona akwatin da abin da ke cikinsa, ɓarawo kuma ɗauka ɗaya zai yi masa. A ƙa'idar 3-2-1 ka ƙirga shi a matsayin kwafi ɗaya.

Babban abin tsoro ga duk ma'ajiyar da ke jone dare da rana shi ne manhajar garkuwa da fayiloli, wadda ke kulle komai da lambar sirri ta nemi kuɗin fansa. A watan Mayun 2017 wadda ake kira WannaCry ta kama kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150, har da na asibitocin Ingila. Irin waɗannan manhajoji ba sa tsayawa a kwamfutar da suka shiga, suna bin duk faifan da ke jone da ita da duk foldar da take iya rubutu a ciki. A Yunin 2021 kuma masu na'urar My Book Live ta kamfanin Western Digital da dama sun tarar an goge musu komai daga nesa, ta wata kafa a tsohuwar manhajar na'urar da aka daina sabuntawa. Don haka ka riƙa sabunta manhajar akwatin, kada ka buɗe shi ga intanet na waje sai da larura, sannan ka tanadi faifai guda da za a jona a kwafa a cire. Abin da ba ya jone babu manhajar da za ta kai gare shi.

Tambaya: Malam, na san ya kamata in riƙa yin kwafi, amma mantuwa nake yi, sai in yi wata uku ban yi ba. Sau nawa ya kamata a yi, kuma ta yaya zan san kwafin yana aiki?

Amsa: Malam, ka tambayi kanka aikin kwana nawa za ka iya jure sake yi daga farko. Idan na yini ɗaya ne, kullum za ka yi kwafi. Idan hotunan gida ne kawai, sau ɗaya a wata ya isa. Mantuwa kuwa maganinta a ɗora wa kwamfutar aikin. Windows na da File History tun daga Windows 8 a 2012, wanda ke kwafar fayilolin da suka sauya kowace awa muddin faifan na jone, yana kuma ajiye tsofaffin nau'o'insu. Ka lura dai cewa foldojin da aka saba yake bi, irin su na takardu da na hotuna da abin da ke kan fuskar allo, don haka idan kana ajiye aikinka a wani lungu daban ka tabbatar ya shiga. Mac na da Time Machine tun 2007, wanda ke riƙe kwafin kowace awa na yini guda, na kowace rana na wata guda, sannan na kowane mako har faifan ya cika, kuma Apple na ba da shawarar faifan ya ninka ma'ajiyar kwamfutar aƙalla sau biyu. Idan kana bukatar abin tuni, ranar 31 ga Maris ta kowace shekara an ware ta a duniya tun 2011 domin wannan aiki, ko da yake sau ɗaya a shekara ya yi kaɗan.

Rabin tambayarka na biyu shi ne wanda ba kasafai ake yi mini ba. A 1998 wani a kamfanin Pixar ya ba da umarnin sharewa a inda bai dace ba, kusan kashi 90 cikin ɗari na fim ɗin da suke haɗawa ya goge, kuma da suka juya ga kwafinsu na ko-ta-kwana sai suka tarar ya daɗe da samun matsala ba wanda ya lura. Abin da ya cece su shi ne wata babbar ma'aikaciya da ke aiki daga gida saboda jego, tana da kwafi a kwamfutarta, aka naɗe kwamfutar da bargo aka ɗauko ta a mota. Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka duk bayan wata biyu ko uku ka jona faifan a wata kwamfutar da ba taka ba, ka zaɓi hoto ɗaya tsoho, da takarda ɗaya ta makon jiya, da bidiyo ɗaya mai nauyi, ka kwafo su ka buɗe. Bidiyon ka ja shi har ƙarshe, domin fayil da ya yanke a tsakiya yakan fara wasa lafiya. Ka kuma danna dama a kan babbar foldar ka kwatanta yawan fayiloli da nauyinsu da na asali.

Faifan da zai kwana a wajen gidanka kuwa a kulle shi da lambar sirri, ta hanyar BitLocker a nau'o'in Windows da ke da shi, ko zaɓin kullewa na Time Machine, ko manhajar VeraCrypt ta kyauta. Sai dai kulle ba ya sanin mai shi: idan kalmar sirrin ta ɓace, babu ƙwararren da zai buɗe maka. BitLocker zai ba ka makullin ceto mai lamba 48. Ka buga shi a takarda, ka ajiye tare da muhimman takardunka, kada ka bar shi a cikin kwamfutar da ake tsoron rasawa, kuma ka nuna wa mutum ɗaya a cikin iyalinka inda takardar take.